Jama'ar Jos a kula da mai sayar da "kiredit" na karatu daga gida

Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi ban so yin wannan rubutun ba, don abin ya shafi ɗan gwaggona kuma har yanzu kunya yake ji, amma jiya na ga an sake manna takardar tallan mutumin nan a wajen Terminus da kan Bauchi Road, lambar waya kawai aka canza, sai na ce a'a, shirun ya isa.

Ofishinsa ɗan ƙarami ne a saman bene, kwamfuta biyu, firinta, sai hotunan mutane da rigar kammala karatu a bango. Zai ce maka shi wakilin wata jami'ar ƙasar waje ce mai koyarwa ta intanet, kana kwance a ɗakinka za ka tara kiredit da wayarka, wato awon nauyin darasi da jami'a ke ƙirgawa kafin ta ba da digiri, kowane kwas kiredit 3, in ka haɗa 60 sai a kwashe su a kai maka wata jami'a a nan Najeriya ka fara daga aji uku. Masu NCE da difloma ya fi farauta, musamman malaman firamare da ma'aikatan ƙaramar hukuma da suka shekara da shekaru a mataki ɗaya, ya san inda ke musu ƙaiƙayi.

Ɗan gwaggona malamin firamare ne, da iyali. Ya biya 25,000 kuɗin fom, sannan 120,000 na simesta, daga baya aka ce a kawo 60,000 wai kuɗin tantancewa, har keken ɗinkin matarsa sai da aka sayar. Duk kuɗin nan asusun mutum ɗaya suka shiga, da sunan mutum, ba sunan makaranta ba, wani lokacin ma cewa yake a tura ta mai POS ɗin ƙasan benen. Lakca kuwa ba komai ba ce sai guruf na WhatsApp da ake zubo takardu. Jarrabawa tambaya 20 ce a waya, kuma daren jajibiri ake turo amsoshin wai "bita". Kowa ya ci A. Ni daga nan jikina ya yi sanyi, na ce masa yaya, banza fa ba ta kai zomo kasuwa, ya ce ni dai na cika zargi.

Bayan wata takwas aka ba shi takardar sakamako mai tambarin ruwan zinare, kyakkyawa kamar katin biki. Ya kai ta ofishin ɗaukar ɗalibai na wata jami'a, ma'aikacin ya juya ta gaba da baya ya ce malam, takardar sakamako makaranta ce ke aiko wa makaranta, ɗalibi ba ya ɗauko ta a aljihu, kuma sunan wannan makarantar ba ya cikin waɗanda aka sani. Da ya koma benen ya tarar da kwaɗo a ƙofa.

Kar wani ya ce ina kushe karatu daga gida, akwai na gaskiya. NOUN, jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, tun 1983 aka kafa ta zamanin Shagari, sojoji suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita, hedikwatarta na Jabi a Abuja kuma tana da cibiya a nan Jos. ABU Zariya ma tana da nata sashen. Amma ka tambayi duk wanda ke yi, aikin gida dai a intanet ake yi, jarrabawa kuwa sai ka je cibiya da ƙafarka da katin shaida, ana tsaye a kanka. Kuɗi ta Remita ake biya da lambar RRR. Digirin shekara huɗu kiredit 120 ne mafi ƙaranci, kuma karɓar kiredit ɗin wata makaranta hukuncin majalisar jami'ar da za ta ɗauke ka ne, ba wani ejan da zai iya yi maka alkawarinsa. Hukumar NUC mai kula da jami'o'i na da jerin jami'o'in da ta amince da su a shafinta, minti biyar ya isa ka duba.

Kun tuna Disambar 2023, da ɗan jaridar Daily Nigerian Umar Audu ya samo digiri daga Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin mako shida har ya shiga NYSC da shi? A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, a watan Agusta kuma ministan ilimi na lokacin Tahir Mamman ya ce sama da mutum 22,000 ke yawo da na bogi. Shi ya sa wannan ɗan damfarar ya sauya salo, da ka zauna zai fara da "mu ba irin na Kwatano ba ne, mu karatu ake yi", ya daina sayar da digiri ɗungurungum ya koma sayar da shi ƙulli-ƙulli kamar gishiri.

Mun kai ƙara wajen 'yan sanda, abu na farko da suka nema shaidar biya ce. To duk wanda ya san ya tura kuɗi ya adana alat ɗinsa da risit, ya ɗauki hoton hirarrakin guruf ɗin yau ɗin nan tun kafin ya yi wa mutumin ko da tambaya ɗaya, don ɗan gwaggona ranar da ya tambayi ina lasisin makarantar, kafin la'asar an cire shi.