Gargaɗi ga manoman inabi kan masu na'urar auna sitaci

Manoman inabi na Kudan da Hunkuyi da kewayen Zariya, a yi hattara da masu yawo gona-gona da wata 'yar na'ura mai kama da tocilan. Sukan haska ta a jikin kututture, su nuna lamba a waya, su ce sitacin itacenka ya ƙare, sai ka sayi ruwan magani "mai ƙara sitaci" kafin ka datse rassa. Wasu kuɗin awo suke karɓa, wasu kuma na'urar ce suke sayarwa.

Batun sitacin gaskiya ne, shi ya sa damfarar ke shiga. Inabi yana tara sitaci a saiwa da kututture da rassa, saiwa ce ta fi riƙewa, kuma da wannan ajiya yake fitar da toho bayan an datse shi, har ganye ya yi girman da zai ciyar da itacen. Awon sitaci da hasken infirared, wato wani haske da ido ba ya gani, shi ma ilimi ne sananne. Amma ba haka ake yinsa ba.

A ɗakin gwaji, ana yanko reshe ko saiwa, a busar a zafin da bai wuce digiri 60 ba, a niƙa ya zama gari mai laushi, sannan a haska. Dole a busar, domin ruwa yana shanye hasken sosai a wajen nanomita 1450 da 1940 (nanomita ma'auni ne na tsawon zangon haske), ya danne alamar sitaci da ke kusa da 2100. Ƙananan na'urorin hannu masu araha da yawa ba sa ma kaiwa can, iyakarsu 1700 ko ƙasa da haka. Ga kuma ɓawo: hasken ba ya ratsa shi ya isa cikin itace. Sannan zaren itace da sitaci duk daga sukari iri ɗaya aka gina su, alamominsu suna hawa kan juna. Don haka sai an horar da na'urar da samfura masu yawa waɗanda aka riga aka auna sitacinsu ta hanyar sinadarai, kuma lissafin da aka yi don saiwa ba zai yi wa reshe aiki ba, balle na rogo ko masara.

Abin da wasunsu ke riƙe da shi ma ba na'urar awon ba ce, bindigar auna zafin jiki ce irin ta lokacin korona, aka haɗa da manhajar da ke jefo lamba.

Kafin ka ba da ko sisi, ka sa ya haska garin rogo, sannan garin alli. Idan lambobin sun yi kusa, zance ya ƙare. Ka sa ya auna reshe ɗaya sau uku ba tare da ya san shi ne ba. Ka tambaye shi iyakar nanomitar na'urar, da ɗakin gwajin da ya tantance ta a kan inabi. Mai gaskiya yana da takarda.

Akwai gwajin da za ka yi da kanka: ka yanka reshen da ya ƙosa a gicciye, ka ɗiga aidin. Inda sitaci yake zai koma shuɗi mai duhu, kusan baƙi. Ba zai ba ka kashi cikin ɗari ba, amma za ka gane reshe mai ajiya da wanda ya tsotse.

Ruwan maganin da suke sayarwa kuwa asarar kuɗi ce. Ganye ne ke haɗa sitaci da hasken rana, ba a zuba wa itace shi daga jarka. Idan ajiya ta yi ƙasa, duba yawan 'ya'yan da ka bari a kakar da ta wuce, da funfunar da ta kakkaɓe ganye da damina, da ko ka yi gaggawar datsewa bayan girbi. A rage nauyin 'ya'ya, a kare ganye da feshin da ya dace, a ba itacen ruwa da lokaci kafin datsa ta gaba.