Saƙo daga Liyon: manhajar da ke bin yaro a kan ƙarfinsa

Yaya, ina gaisuwa. A gaida Inna da yara, da fatan zafin bana bai matsa muku ba.

Ka tambaye ni ko gaskiya ne a Faransa na'ura ce ke karantar da yara. A'a, mushe, wato malamin aji, yana nan daram. Mataimaki aka ba shi. Ɗiyata tana ajin CE1, wato aji na biyu na firamare a nan, kuma madam ɗinsu ta sa su a wata manhaja mai suna Lalilo. Yarinya za ta zauna da tablet tana haɗa baƙi da wasali, manhajar tana lura da inda take tuntuɓe. In ta ga wani sauti yana ba ta wahala, sai ta riƙa kawo mata shi ta fuskoki daban-daban har ya zauna. Wanda ya riga ya iya kuwa ba a tsare shi, gaba yake yi. Madam kuma tana duba nata shafin, ta ga wane yana buƙatar ta zauna da shi. 'Yan ajin seconde, ajin farko na lise (babbar sakandare), su ma an yi musu tasu, MIA Seconde, ta Faransanci da lissafi.

Ni dai da na gani, makarantar allonmu ta Birni na tuna. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, kuma malam ba ya barin ka wanke sai ka biya daidai. Wannan tsari ne muka rasa a lakwal, inda kai kaɗai kake fama da aji cike maƙil, ka yi darasi guda ga mai kaifin kai da wanda bai gane harafi ba tukuna. Shi ne Turawa suke kashe kuɗi su dawo da shi ta hanyar kwamfuta.

Amma kada kowa ya ruɗe ku. Tun 2017 gwamnatin nan ta fara rage yaran CP (ajin farko) da CE1 a unguwannin talakawa zuwa wajen 12 a aji, wato su kansu sun san manhaja ba ta isa ba. Ga wuta ba ta ɗaukewa, ga intanet na gida da nake biya kusan jaka ashirin ta sefa a wata. Abin da ya fi damuna kuma shi ne harshe. Manhajar ta ɗauka yaro da Faransanci ya tashi. Namu suna shiga ajin farko, CI, da Hausa ko Barbarci a bakinsu, to wa zai gaya wa na'urar cewa yaron nan ba karatun ne ya gagare shi ba, tambayar ce bai ji ba? Kai ne ka san wannan.

Duk da haka akwai abin da za ku iya mora yanzu. Darussan lissafi na Khan Academy suna nan da Faransanci kyauta, kuma akwai Kolibri, wadda ake zuba darussan a kwamfuta guda, yara su yi aiki da su ko babu intanet. Yaranka masu shirin jarrabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare za su amfana ƙwarai. Ka yi magana da direktan lakwal ɗinku, in ya amince kuma akwai inda za a ɗora faifan sola, zan aiko da kwamfutar ta hannun wanda zai zo gida kafin a koma aji a watan Oktoba.