Kirit ko Tenerife: wanne ya fi sauƙi ga aljihun iyali a watan Oktoba?

Wani ɗan'uwa ya kawo tambaya. Su biyar ne, shi da mai ɗakinsa da yara uku, babban shekararsa 11, na tsakiya 7, autan 3. Suna son hutun kwana bakwai a tsibiri a lokacin kakar Turai, wato daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, kuɗin hannunsu kuma a ƙidaye yake. Wasu sun ce masa Kirit ta ƙasar Girka, wasu sun ce Tenerife ta Sifaniya. Wanne zai ɗauka?

Ɗan'uwa, kafin ku duba hotunan bakin ruwa, ku fara duba kalanda, domin tsibiran nan biyu kasuwarsu ba lokaci guda take ci ba. Ta Kirit tana cika maƙil a Yuli da Agusta, ta fara watsewa a Satumba, zuwa ƙarshen Oktoba yawancin otal-otal na bakin teku sun ja ƙofa sai Afrilu. Ta Tenerife kuwa a Nuwamba take fara ɗaukar zafi, lokacin da sanyi ya koro mutanen arewacin Turai suka gangaro neman rana. Saboda haka a Oktoba farashi sauka yake a Kirit, a Tenerife kuma hawa yake. Shawararmu ke nan tun daga farko: in za ku iya tafiya daga ƙarshen Satumba zuwa wajen 15 ga Oktoba, ku ɗauki Kirit. In sai bayan 20 ga wata za ku samu dama, ku tafi Tenerife ko da za ku ɗan ƙara kuɗi, don arahar Kirit a wannan lokaci irin ta ɗan kasuwar da ke tattara rumfarsa ce.

Ga dalilin. Kirit tana cikin Bahar Rum, ruwan tekun da ya sha rana tsawon watanni bai huce ba tukuna, a Oktoba yakan kai digiri 22 zuwa 23, yara za su shiga ba rawar ɗari. Da rana iska takan kai wajen digiri 24 a farkon wata. Amma daga tsakiyar wata ake fara samun ruwan sama, kuma ba daidai yake sauka a ko'ina ba. Yammacin tsibirin, wajen Chania, ya fi shan ruwa saboda duwatsun Lefka Ori suna tare giragizan da ke tasowa daga yamma. Gabas da kudu, kamar Agios Nikolaos da Ierapetra, sun fi bushewa. Wanda zai tafi a makare ya karkata gabas.

Tenerife a tekun Atlantika take, kimanin kilomita 300 daga gaɓar Afirka, ruwanta kuma a Satumba da Oktoba ya fi ɗumi a duk shekara, wajen digiri 23 zuwa 24. Sai dai Tenerife kamar tsibiri biyu ce a haɗe. Iskar arewa maso gabas tana tura gajimare ya taru a jikin duwatsun arewa, shi ya sa Puerto de la Cruz take kore shar, take da lumshi, gidajenta kuma suka fi araha. Kudu, wato Los Cristianos da Costa Adeje, a bushe take, rana kusan kullum, farashi kuma sama. A nan mutane da yawa suke yin kuskure. Sukan ga gida mai araha a arewa su biya, sai sun iso su tarar da baƙin yashi da igiyar ruwa mai ƙarfin da ba a sa yaro ɗan shekara 3 a ciki, su koma kullum suna tuƙin sa'a guda da wani abu zuwa kudu. Abin da aka rage a haya ya tafi a man mota da gajiya. Akwai kuma hazon da suke kira kalima, ƙurar Sahara ce iska ke kwasowa ta rufe sararin sama kwana biyu ko uku. In akwai mai asma a cikinku, maganinsa ya zama a jakar hannu.

Wani abu da ya shafi tsibiran biyu shi ne hutun makarantun Turai. Na Ingila yakan faɗo a makon ƙarshe na Oktoba, na Faransa daga wajen tsakiyar wata zuwa farkon Nuwamba, jihohin Jamus kuma kowace da nata makon a cikin Oktoba. A waɗannan ranaku kuɗin jirgi da na otal yakan yi tsalle, ya fi muni a Tenerife. In yanayin makarantar yaranku ya ba da dama, makon farko na Oktoba ko mako na biyu na Nuwamba sun fi makon ƙarshe na Oktoba sauƙi nesa ba kusa ba. Ku tuna kuma a Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da sa'a guda. Bayan nan rana takan faɗi a Kirit wajen biyar da rabi, a Tenerife wajen shida da minti ashirin.

Batun jirgi. Kirit tana da manyan filaye biyu, Heraklion da Chania, tsakaninsu kimanin kilomita 140, tafiyar sa'a biyu ko fiye. Ku kama masauki tukuna ko ku tabbatar da ɓangaren da za ku zauna kafin ku sayi tikiti, kada ku sauka a Heraklion da daddare masaukinku yana yammacin Chania. Jiragen da ke zuwa kai tsaye daga biranen Turai yawancinsu suna tsayawa da ƙarshen Oktoba, daga nan sai ta Atina, babban birnin Girka. Tenerife ma filaye biyu ne, na kudu shi ne na yawancin baƙi, na arewa kuma ya fi karɓar jiragen cikin Sifaniya, kuma jirage ba sa yankewa duk shekara. Ko ta ina za ku bi, ku yi ƙoƙari tafiyar ta zama a tikiti ɗaya. In kuka sayi tikiti biyu daban don rage kuɗi, na farko ya makara kuka rasa na biyu, babu kamfanin da zai ɗauki nauyinku, kujera biyar za ku sake saya a farashin ranar. Autanku ya wuce shekara 2, don haka kujerarsa daban ce. Kamfanonin jirgi masu araha kuma suna cajin akwati daban, zaɓen kujera daban. Ku haɗa duka kafin ku kwatanta. Akwati biyu manya sun ishe mutum biyar na mako guda in masaukin yana da injin wanki.

Masauki shi ne inda kasancewarku biyar zai fi taɓa aljihu, nan za mu ɗan daɗe. Yawancin ɗakunan otal an ƙayyade musu mutum huɗu iyaka, manya biyu da yara biyu. Da kun rubuta biyar, sai a mayar da ku ɗaki biyu, kuɗi ya kusa ninkawa. Mafita ita ce gidan haya mai ɗakunan kwana biyu da kicin. A Kirit a Oktoba irin waɗannan gidaje suna da yawa kuma masu su sun fi saurin sassauci, tunda mako ne da zai iya wucewa ba kowa. A kudancin Tenerife ma akwai su birjik, amma masu kyau da araha sukan ƙare da wuri saboda masu zuwa su kwashe watannin sanyi. Kowane gida na halal yana da lambar rajista: a Girka ana kiranta AMA, a tsibiran Kanari kuma, waɗanda Tenerife ke cikinsu, lambar takan fara da VV. Ku nemi lambar a jikin tallar, kuma kada ku tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wani don ya ce zai rage muku.

Ku yi wa mai gidan tambayoyi uku a rubuce. Tafkin ninkaya ana ɗumama shi? Wanda ba a ɗumamawa a ƙarshen Oktoba yakan fi teku sanyi, musamman a Kirit, yara su tsoma ƙafa su fito. Shagon kayan abinci mafi kusa a buɗe yake a wannan mako, kuma tafiyar minti nawa ce a ƙafa? Wannan tambaya ta Kirit ce musamman, domin ƙananan garuruwan da baƙi kawai ke riƙe da su sukan zama kufai da ƙarshen wata. Zama a Chania, Rethymno ko Agios Nikolaos ya fi aminci, tunda garuruwa ne da mutanensu ke zaune duk shekara. Ta uku, kuɗin shara da goge-goge yana cikin farashin ko a ƙarshe ake ƙarawa?

Girka tana da harajin kwana da ake biya a masauki, kowane ɗaki kowane dare. A shekarar 2025, daga Afrilu zuwa Oktoba, otal mai tauraro uku Yuro 5 ne, mai huɗu Yuro 10, gidan haya na gajeren zama Yuro 8. Gida ɗaya na dare bakwai Yuro 56 ke nan, amma ɗaki biyu a otal mai tauraro huɗu Yuro 140. Daga Nuwamba harajin yakan sauka sosai. Tenerife har zuwa shekarar 2025 ba ta da irin wannan haraji, harajin sayayyarta kuma kashi 7 ne cikin 100, ƙasa da na sauran Sifaniya mai kashi 21, man mota ma ya fi araha. Wannan yana rage tazarar da ke tsakanin tsibiran biyu, amma a farkon Oktoba bai isa ya rufe ta ba.

Otal mai haɗa ci da sha cikin kuɗin ɗaki yana iya dacewa in kun samu ɗakin iyali mai ɗaukar biyar kuma ba ku da niyyar yawo. In za ku fita kullum, abincin ranar da kuka biya zai riƙa wuce ku. Mu dai mun fi ganin gida mai kicin: karin kumallo da abincin dare a gida, na rana a waje ko a ƙunshi. Manyan shaguna a Girka galibi ba sa buɗewa ran Lahadi, ku yi cefane ran Asabar. A kudancin Tenerife ruwan famfo ba ya da daɗin sha, ku sayi manyan jarkoki na lita 5 ko 8.

Zirga-zirga. Tasi mutum huɗu take ɗauka, ku biyar sai biyu ko babbar mota da aka yi oda tun kafin ku sauka. Kirit doguwa ce, kimanin kilomita 260 daga gabas zuwa yamma. Motocin bas na KTEL suna haɗa garuruwan arewa yadda ya kamata, amma zuwa bakin ruwan da ke nesa jigilarsu takan ragu a Oktoba, don haka hayar mota ta kwana uku cikin bakwai ta wadatar. Tenerife ta fi ƙanƙanta, korayen motocin bas na TITSA suna kaiwa kusan ko'ina, iyalin da ya sauka a Los Cristianos zai iya gama mako da hayar mota ta kwana ɗaya ko biyu. Wajen haya, ku zaɓi tsarin karɓa tanki cike ku mayar cike, ku ɗauki hoton motar ta kowane gefe, ku zo da katin kiredit mai sunan direba domin a kansa ake riƙe kuɗin jingina. A Sifaniya yaron da bai kai santimita 135 ba dole sai da kujerar yara, ƙaramar mota kuma da wuya ta ɗauki kujerun yara biyu da babban yaro a baya, ga akwatuna. A Kirit inshorar haya galibi ba ta biyan ɓarnar da aka yi a hanyar da ba kwalta, hanyar zuwa bakin ruwan Balos kuwa irin wannan ce. Ku je ta jirgin ruwa daga Kissamos in yana aiki, ko ku zaɓi Elafonissi, inda ruwa bai da zurfi kuma autan zai yi wasa hankali kwance.

Abin kallo na yara a Kirit kuɗinsa kaɗan ne. Tsohuwar fadar Knossos tana kilomita 5 daga Heraklion, ranar 28 ga Oktoba kuma, ranar hutun ƙasa, wuraren tarihi na gwamnati kyauta ake shiga. Kwazazzabon Samaria kilomita 16 ne a ƙafa, ba na ɗan shekara 3 ba ne, ku bar shi. A bakin ruwa da yawa masu ceto sukan tashi da ƙarshen Satumba, don haka idonku ne mai gadi, jar tuta kuma ba a shiga. Tenerife ta fi jan hankalin yara, amma a nan kuɗi ke zurarewa, domin tikitin wurin wasan ruwa na Siam Park ko gidan namun daji na Loro Parque na mutum biyar na rana ɗaya yana iya cinye kuɗin cefanen kwanaki. Ku zaɓi ɗaya tun daga gida. Hawa gandun dutsen Teide da mota ba ya buƙatar keken waya, wato akwatin da ke rataye a jikin waya yana ɗaukar mutane zuwa sama, kallon da ake yi daga hanya ma ya isa. Dutsen ya haura mita 3,700, keken kuma yana kaiwa mita 3,555, ba a ɗaukar mai juna biyu ko yaron da bai kai shekara 3 ba, sama kuma da sanyi, ku riƙe rigunan ɗumi. Bakin ruwan Las Teresitas, kusa da Santa Cruz, yana da shingen duwatsu da ke karya igiyar ruwa, ya dace da yara.

In fasfonku yana buƙatar biza, duka biyun a yankin Shengen suke, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kuma ofishin jakadancin ƙasar da za ku fi kwana a cikinta ake nema. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ƙasa da 6 kyauta, wato ku biyar Yuro 270, ban da ladan cibiyar karɓar takardu. Ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da fasfon da zai yi sauran wata uku bayan ranar fitowarku. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, amsa takan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45. Don tafiyar farkon Oktoba, ku nemi ranar ganawa tun Yuni ko Yuli, kuma ku kama masaukin da ake iya sokewa ba asara har sai biza ta fito.