Sharhi a kan PBW da Star San bayan zoɓona ya sauya ɗanɗano

Ina sayar da zoɓo, wanda a nan Kumasi ake kira sobolo, a unguwar Aboabo. Ina ɗura shi ne a tulun ƙarfe samfurin Cornelius mai cin lita 19, irin wanda kamfanonin lemo suka yi amfani da shi a da, iskar CO2 ce kuma take turo shi zuwa famfo. A azumin da ya wuce, bayan shan ruwa, wata dattijuwa da take saye a wurina kullum ta kurɓa sau ɗaya, ta yamutsa fuska, ta ce, "Ɗana, wannan kwanan nawa ya yi?" Alhali da hantsin ranar na dafa shi. Da na ɗanɗana sai na ji wani tsami da ba na zoɓo ba, da warin jiƙaƙƙen tsumma a bayansa.

Da farko na ɗora laifin a kan ɗauke wuta, amma da na kwance tulun sai na ga laifina ne, domin ciki kawai nake wankewa. Dogon bututun da yake zuƙo zoɓon daga gindin tulu ya tara yauƙi mai duhu gauraye da garin citta, haka nan ƙarƙashin zobban roba guda 5 da suke toshe iska.

Wani ɗan'uwana ne ya kawo mini magungunan tsabtace tulu biyu, PBW da Star San, na kamfanin Five Star daga Amurka, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. PBW gari ne mai cire datti. Na jiƙa kowane ɓangare daban a ruwa mai ɗumi, kimanin giram 8 a kowace lita, tsawon minti 30, sai ga yauƙin yana saki da kansa, buroshi siriri ya ƙarasa sauran, sannan na ɗauraye sosai. Shi kuwa Star San asid ne mai kashe ƙwayoyin cuta, ba ya cire datti, don haka sai bayan wanki ake zuba shi: mililita 30 a lita 19, ya taɓa ko'ina na minti 2, a tsiyaye, ba a ɗauraya. Kumfarsa ta tayar mini da hankali har na kusa bin ta da ruwan famfo, wanda da ya mayar da aikin baya, amma ban ji alamarta a zoɓon ba ko kaɗan. Bilic da na saba da shi na ajiye, domin sinadarin kulorin da yake cikinsa yana cin irin wannan ƙarfe.

Inda PBW bai kai ba shi ne roba. Tiyon famfo da zobban sun riƙe ƙamshin kanumfari duk da na jiƙa su sau biyu, dole na sayi sababbi. Tsada kuma akwai ta ga mai ƙaramin jari, ko da yake Star San yana da auki, tunda ruwan da na haɗa sau ɗaya nake juyawa daga wannan tulu zuwa wancan har na gama da guda 3 ɗin da nake da su.