Fadar Lamiɗo ko kotun gwamnati?

Hausawan Garwa, a arewacin Kamaru, sun sha tambayata ina ya fi a kai rigimar gado ko ta fili.

A fada kuɗi kaɗan ne, goron sallama da na dogari. Sarkin Hausawa zai shige maka gaba, a yi magana da Fulatanci ko Hausa, liman ya raba gado bisa fiƙihun Malikiyya, wani lokaci kafin la'asar an watse. Sai dai dokar sarautun gargajiya ta Kamaru ta 1977 sulhu kawai ta ba sarakuna. In ɗan'uwanka ya murje ido gobe, magana ta dawo sabuwa. Kuma baƙo, ko Kirista maƙwabcinka, yakan ji kamar wurin ba nasa ba ne.

Kotu kuwa Faransanci ce, ga lauya, ga tafinta, ga ɗage zama har takalmi ya ƙare. Amma hukuncinta na da hatimi, kuma kan fili takardar mallaka ta gwamnati ce ke magana.

Mai son zumunci ya ɗore tsakanin 'yan gida ɗaya, fada ta ishe shi. Wanda abokin rigimarsa ke da wata al'ada, ko filinsa mai tsada ne, ya nufi kotu.