Impak direba mai batir: ranar da iska ta yaye rufin ɗakin Inna

Ni ba kafinta ba ne, malamin makaranta ne a nan Gombe, amma ƙananan gyare-gyaren gida da hannuna nake yi. Na'urar ɗaure sukurun nan da masu shago ke kira impak, a Babbar Kasuwa na saye ta. Ta kusa wata biyu a kwalinta ban taɓa ta ba, sai da iskar farkon damina ta watan Mayu ta yaye kwano 4 a rufin ɗakin Inna a Pantami.

Da asuba ƙanwata ta kira ni: "Yaya, ka zo, Inna a ɗakina ta kwana." Kafintan da muka saba da shi yana aiki a Kumo, ga hadari ya sake haɗowa daga gabas. Na biya na sayi sukurun rufi, irin masu kai kamar noti da 'yar roba a wuya, muka hau ni da yaron maƙwabci. Duk wanda ya taɓa buga ƙusa a kan kwano ya san wahalar, guduma ta kuɓuce ta lotsa kwanon, ƙusar ta lanƙwashe, kai kuma kana fama da tsayuwa. Wannan kuwa ina ɗora sukurun farko na matsa kunamar, ya huda kwanon da kansa. Da ya isa katako sai na ji ta-ta-ta-ta, har na saki hannu don na zaci wani abu ne ya karye a ciki. Ashe aikinta ke nan. Akwai wata 'yar guduma a cikinta wadda, da zarar sukuru ya yi tauri, take dukan bakin ta gefen da yake juyawa. Shi ya sa ba ta murɗe wa mutum wuyan hannu yadda injin huda ke yi. Da hannu ɗaya nake riƙe da ita, ɗayan na danne kwano da iska ke neman ɗagawa. Wallahi a saman rufi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kafin ƙarfe 11 mun mayar da kwano 3. Da la'asar aka sheƙa ruwa, ko ɗigo bai shiga ba. Inna ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." A ranar, da an tambaye ni, cewa zan yi ban taɓa sayen abin da ya biya ni kamarta ba.

To amma na ce kwano 3. Na huɗun da guduma da ƙusa muka gama shi, kuma har yau idan na tuna raina na ɓaci. Batir ɗaya tal ne a kwalin, ƙarami, mai 2Ah (Ah ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa ne), alhali mai shagon da bakinsa ya ce min, "Malam, wuni za ka yi kana aiki." Ya mutu muna tsakiyar aiki. Na sauko na ɗora shi a caja, ya ƙi ɗauka, fitila sai ƙyaftawa take yi, saboda batirin litiyom idan ya ɗau zafi caja ba ta karɓarsa sai ya huce. Ya huce ke nan aka ɗauke wuta. Shi kansa 20V ɗin (wato ƙarfin wutar batir) da aka rangaɗa a jikin kwali, wanda ya sa na zaɓe ta a kan mai 18V, ashe duk abu ɗaya ne: ƙwayoyin batir 5 ne a cikin kowanne, 20 ɗin lokacin da batir ya cika taf ne kawai. Me zai hana a faɗa wa mutum gaskiya tun a shago?

Bakunan da suka zo da ita ma ba na impak ba ne. Mai tauraro, PH2, kansa ya tsinke a mako na farko, sai da na nemo baƙaƙen nan masu siririn ƙugu. Ƙara kuwa, idan akwai jariri ko mara lafiya a gida kada ka soma.

Abin da ya fi yi min ciwo ƙofar wadrob ɗin uwargida ce. Impak ba ta da zoben rage ƙarfi irin na injin huda, yatsanka ne kaɗai birki. Na je ɗaure sukuru biyu da suka saki, na ɗan matsa kunama, sukurun ya wuce ya ragargaza katakon, irin na garin itacen nan da ake mannewa. Babu wanda ya gargaɗe ni a shagon, takardar cikin kwalin ma zane-zane ne kawai.

Ga rufi, rafta da katako mai kauri, zan sake hawa da ita gobe. Kayan ɗaki kuwa na koma wa sukurudireban hannu. Batir na biyu nake nema yanzu, mai 4Ah. Na zaga shago uku, wanda bakinsa ya dace da tawa bai samu ba, an ce in jira kaya daga Kano.