Markov ko Monte Carlo: amsa ga injiniyan da ya tambaya kan famfunansa uku

Injiniya sannu da ƙoƙari. Tunda famfo uku ne, biyu na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana, kuma abin da oga yake son sani shi ne awa nawa layin zai tsaya a shekara, to ka ɗauki Monte Carlo (kwaikwayon rayuwar famfunan a kwamfuta ta hanyar jefa ƙuri'a) ka haɗa shi da Weibull (lissafin yadda kaya ke lalacewa da shekaru) kawai, ka bar Markov (lissafin yadda tsari ke sauyawa daga wani hali zuwa wani, kamar daga aiki zuwa lalacewa) tukuna. Na bi hanyoyin biyu duka, ɗaya ma da kuɗin aljihuna na sayi manhajarsa kuma har yau abin yana min ciwo.

Lokacin da aka ɗora min kula da wasu famfunan ruwan sanyaya inji, tsarinmu kusan irin naka ne, sai na zauna na zana musu Markov da kyau, da'irori da kibiyoyi, kowane hali da lambarsa, amsa ta fito wai layin kusan ba zai taɓa tsayawa ba. To amma mu da muke wurin mun san ƙarya ne, don a shekarar sau biyu muna kwana a tsaye. Da na koma littafin da masu gyara suke rubutu, wani tsohon littafi duk ya sha baƙin mai, wani shafin ma "an gyara famfo" kawai aka rubuta babu lambar famfon babu lokaci, sai da na yi sati biyu ina bin shugaban masu gyaran yana tuno min wanne ne wanne. A nan na gane gyaran kansa ba ya cin lokaci, yini ɗaya sun canza sil, wato abin da ke hana famfon yoyo, sun ɗaure. Jiran sil ɗin ya iso shi ne bala'in, kuma cikin jiran nan famfo na biyu yake samun damar mutuwa shi ma.

Ka duba lissafin da kanka. Kason lokacin da na'ura take a shirye shi ne MTBF, wato matsakaicin awannin da take aiki kafin ta lalace, a raba da MTBF haɗe da lokacin da take kwance. A ce famfo yana yin awa 2,000 kafin ya lalace, gyara awa 8, ka samu kashi 99.6. Yanzu ƙara kwana goma na jiran kaya, awa 240 kenan, sai ya faɗo kusan kashi 89. Ko ka sayi famfon da ya ninka shi ƙarko, awa 4,000, in jiran bai canza ba kashi 94 da ɗan wani abu zaka samu, alhali ajiye sil ɗaya a sito ya mayar da kai 99.6. Wannan ne Monte Carlo ya nuna min ƙiri-ƙiri, domin a cikinsa kai ne kake faɗa wa kwamfuta dokokin wurinka yadda suke: mai gyara ɗaya ne ba zai kama biyu lokaci guda ba, sifiya ɗaya ce a sito in an ɗauka sai an yi oda, na ko-ta-kwanan wani lokaci yana ƙin tashi ranar da ake buƙatarsa. Sai ta yi ta maimaita rayuwar famfunan, shekara goma sau dubu goma misali, tana jefa ƙuri'ar ranar lalacewa kowane zagaye, ta ba ka matsakaici kuma ta nuna maka mummunar shekarar da za ka iya faɗawa. Ranar da na kai wa oga zanen nan bai yi min gardama ba ko kaɗan, ya sa hannu aka ajiye sil biyu da boris, aka kuma fara tada na ko-ta-kwanan duk sati don a tabbatar yana da rai. Wallahi ban taɓa jin daɗin wani lissafi kamar wannan ba.

Weibull ɗin kuma shi ne yake kawo maganar tsufa. Sunan wani injiniya ne ɗan Suwidin, Waloddi Weibull, takardarsa ta 1951 ce ta yaɗa hanyar. Lambar da ake ce wa beta zaka kalla: in ta gaza 1 kayan suna mutuwa ne da sabuntarsu, galibi ɗauri ne ba a yi daidai ba ko kayan jabu, in 1 ce cif lalacewar ba ruwanta da shekaru, in ta haura 1 to cinyewa ce kuma a nan ne kaɗai canza kaya kafin su mutu yake da amfani. Abu ɗaya da mutane suke mantawa, sil ɗin da kuka cire da ransa lokacin sabis, da wanda har yanzu yake aiki, dole su shiga lissafi a matsayin waɗanda ba su mutu ba tukuna, in ka zubar da su amsarka za ta nuna kayan sun fi saurin mutuwa fiye da gaskiya.

Markov dai ba zan ce ba shi da amfani ba. Amsarsa tsaf take fitowa babu jefa ƙuri'a, kuma a kayan lantarki na kariya da ake bi da ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 61508, inda lalacewa ke da wuyar faruwa har Monte Carlo sai ya yi zagaye miliyoyi kafin ya ga guda ɗaya, can ya fi dacewa. Amma na yau da kullum yana ɗauka sil mai shekara uku da wanda aka ɗaura jiya haɗarinsu ɗaya ne, kuma halayen suna ninkuwa, kaya 10 hali 1,024, kaya 20 ya wuce miliyan. Iyakar abin da zan faɗa a kansa kenan.

Shi ma Monte Carlo kar ka yi zagaye ɗari biyar ka tashi, amsar za ta yi ta rawa. Don ka rage kuskuren da rabi sai ka ninka zagayen sau huɗu, haka dokar take. Ka kuma saka abin da zai iya kashe famfunan duka lokaci guda, kamar wuta ɗaya ko matata ɗaya da suke sha tare, in ba haka ba uku ɗin nan a takarda kawai suke uku.

Sai maganar da baka tambaya ba amma dole in faɗa, dillalai. Wani zai miƙo maka takarda an rubuta MTBF awa 100,000 ya ce ai shekara 11 kenan ba za ta taɓa ba ka matsala ba. Ba haka ba ne, ko da lambar gaskiya ce, in haɗarin lalacewa bai canzawa kusan kashi 63 sun riga sun lalace kafin su kai wannan awar. Sau da yawa ma ba gwaji aka yi ba, hasashe ne daga littafi irin MIL-HDBK-217F na sojan Amurka wanda tun 1995 ba a sabunta shi ba, kuma na kayan lantarki ne. Ka tambaye shi guda nawa aka gwada, awa nawa, a wane zafi, nawa suka mutu. In ya fara kame-kame ka san inda aka dosa. Masu sayar da manhaja su ma haka, ni wanda ya sayar min ya nuna min misali mai kyau da bayanan da suka shirya, bai faɗa min lasisin na shekara ɗaya ba ne, da ya ƙare fayilolina suka kulle ban iya buɗe aikina ba. Kafin ka biya ko sisi ka ce a gwada da bayananka a gabanka, kuma a nuna maka yadda ake fitar da su zuwa CSV, irin fayil ɗin da Excel ma yake buɗewa.

Don famfo uku ma ba ka buƙatar sayen komai. Excel zai fitar maka da Weibull, Python kyauta ne kuma a cikinsa akwai laburare masu suna reliability da SimPy da za su yi maka sauran. Ka fara da tattara ranar da kowane famfo ya tsaya, ranar da kaya suka iso, da ranar da ya koma aiki, uku ɗin nan daban-daban, na shekara biyu ko uku in akwai. In ka haɗa ka turo nan mu duba betar tare.